Kimiyya da Zamani: Sunan da ke bayan buhu da abin da ke cikinsa

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ya san ba a biyan kuɗi don rubutun da ke bayan buhu. Buhun da ya iso da shinkafa bara yana iya komawa na gero bana, har ya ƙare da ɗaukar takin zamani, alhali kuwa rubutun farko yana nan daram a jikinsa. Shi ya sa ɗan kasuwa ke soka ƙarfe ya fiddo ƙwaya a tafin hannu kafin a yi ciniki. To irin wannan matsala ce ke gaban masu kula da kwamfutocin ma'aikatu a yau, sai dai nasu buhunan ba a ganinsu da ido, kuma kwance bakinsu da gaggawa yana iya jawo ɓarna.

Tun shekara ta 1972 kamfanin IBM ya fito da wani tsari mai suna VM/370, wanda ke sa babbar kwamfuta guda ta yi aikin kwamfutoci da dama, kowace tana zaton ita kaɗai ce ke da injin. Dabarar ta sauko kan ƙananan kwamfutoci a 1999 ta hannun kamfanin VMware. A 2003 wani Bafaranshe mai suna Fabrice Bellard ya rubuta QEMU, wadda kowa ke iya ɗauka kyauta, kuma a 2007 aka shigar da KVM cikin zuciyar Linux. Irin wannan kwamfuta ita ce kwamfutar kwaikwayo, wadda masu Faransanci ke kira machine virtuelle. Injin gaskiya shi ne mai masauki, ita kuwa baƙuwa ce a gidansa. Baƙuwar ba ta da faifan ƙarfe nata na kanta. Faifanta wani fayil ne guda, mai nauyin gaske, wanda ya ƙunshi kome da kome: uwar manhajar da ke tafiyar da ita, da takardun aiki, da kalmomin sirri, har da shara. Wannan fayil shi ne surar faifai.

Sauƙin abin shi ne aibinsa. Sura ana kwafarta kamar yadda ake kwafar hoto. Ma'aikaci ya yi guda don gwaji, ya ajiye wata kafin ya taɓa wani gyara, ya karɓi ta uku daga hannun kamfanin da ya sayar wa ofis manhajar lissafin albashi. Bayan shekara biyar an yi masa canjin wurin aiki, magajinsa ya tarar da surori talatin masu sunaye irin su « sabuwa », « sabuwa ta biyu », « gwaji », « kar a share ». Wanne Windows ne a ciki? Ko kuwa Linux ne? Na wace shekara? Sunan fayil ba ya amsa ko ɗaya, domin kowa na iya sauya shi cikin daƙiƙa guda. Takardar bayanin da ke rakiyar baƙuwa ma ba abin dogaro ba ce: tana faɗin abin da aka zaɓa ran da aka ƙirƙiri baƙuwar, kuma tana iya ci gaba da cewa Windows 7 bayan an daɗe da ɗora mata Windows 10.

Mai karatu zai ce, ai sai a kunna ta a gani. Nan ne haɗarin yake. Baƙuwar da ta kwana shekaru a ajiye ba ta samu faci ko ɗaya ba a tsawon wannan lokaci, duk ƙofofin da aka gano a jikinta tun daga ranar suna nan a buɗe. Abin da ya auku ran 12 ga watan Mayu na 2017 ya isa misali. A ranar ce ƙwayar cutar WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150, ta kulle takardun mutane tana neman fansa. Asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya dubbai, kamfanin Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa na Faransa. Alhali kuwa Microsoft ya fitar da facin wannan ɓaraka tun ran 14 ga Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda suka faɗa tarkon su ne waɗanda ba su ɗora shi ba, kuma mafi yawansu Windows 7 suke amfani da shi. Surar Windows 7 da aka ajiye a watan Fabrairu na 2017 har yau tana ɗauke da wannan ɓaraka, kuma cikin tsofaffin kayan wani ofis ƙwayar kanta tana iya kwance tana jiran a tashe ta. Bugu da ƙari, baƙuwar da aka tasa tana iya zuwa da suna da adireshi irin na wadda ke aiki yanzu, su biyun su shiga rikici, ko kuma ta soma aika tsofaffin saƙonni da ta bari a layi. Kuma ko ba kome, kunnawa kanta tana sauya abin da ke cikin faifai, wanda idan shari'a ce ke bukatar surar a matsayin shaida, to an riga an ɓata ta.

Saboda haka sai a karanta ta tana barci. Aikin yana tafiya daki-daki, daga waje zuwa ciki.

Matakin farko shi ne sanin irin buhun kansa. Kowane kamfani da salon ɗinkinsa, kuma kowanne ya bar tambari a bakin fayil. Surar QEMU, wadda ake kira qcow2, tana somawa da haruffan QFI. Ta VMware tana somawa da KDMV, wato VMDK ke nan an karanto daga baya. Tsohuwar surar Microsoft, VHD, tana ɗauke da kalmar conectix a ƙarshenta, sunan kamfanin Connectix wanda Microsoft ya sayi fasaharsa a 2003, kuma har yau ba a goge tambarin ba. Ta VirtualBox kuwa tana buɗewa da jimla guda mai ɗauke da sunan mai kamfanin a lokacin da aka yi ta: innotek a farko, Sun daga 2008, Oracle daga 2010. Ke nan tun ba a shiga ciki ba an samu ƙiyasin shekarunta. Akwai kuma sura tsirara, wadda ba ta da tambarin kowa, kwafi ce kawai ta faifai daga farko har ƙarshe. Wannan ta taɓa jawo matsala: a 2008 aka gano cewa baƙuwa mai mugun nufi tana iya rubuta tambarin qcow2 na ƙarya a bakin faifanta tsirara, ta yaudari QEMU ya buɗe mata takardun mai masauki a tashi na gaba. Tun daga nan masana ke gargaɗin a riƙa gaya wa manhaja irin surar a fili, kada a bar ta ta yi canke.

Bayan buhu sai taswirar rabon faifai. Tsohon tsarin, wanda ya samo asali tun 1983, yana zaune cikin okte 512 na farko, yana ƙarewa da alamar 55 AA, kuma manyan sassa huɗu kawai yake iya lissafawa. Sabon tsarin, GPT, yana sanar da kansa da kalmomin EFI PART. A tsohon tsarin kowane sashe yana da lamba: 07 galibi na Windows ne, 83 na Linux. To amma wannan lamba ita ma rubutun bayan buhu ce. Tabbaci yana cikin sashen kansa, inda tsarin jera kaya ya bar sa hannunsa: NTFS ya rubuta sunansa ɓaro-ɓaro a farkon sashe, dangin ext na Linux kuwa suna da lambar EF53. Duk wannan bai faɗi zubin uwar manhaja ba tukuna. Sashe mai NTFS yana iya zama ma'ajiyar takardu kawai, babu Windows a cikinsa sam.

A wannan gaɓa ce jarraba ke zuwa wa ma'aikaci, ya ce bari ya jona sashen kai tsaye ga mai masauki ya leƙa. Masu aikin sun daɗe suna hana wannan, don dalili biyu. Na farko, zuciyar uwar manhajar mai masauki ce za ta karanta faifan, kuma faifan da aka shirya da gangan yana iya rikita ta, ya kayar da injin duka tare da sauran baƙin da ke kansa. Na biyu, tsarin ext3 da ext4 suna da kundin ayyukan da ba su kammala ba, kuma ko an ce musu karatu kawai ake so, sukan ƙarasa waɗannan ayyuka su yi rubutu a faifan. Maganin da Richard Jones na kamfanin Red Hat ya kawo a 2009 shi ne libguestfs. Dabararsa mai sauƙin fahimta ce: a tayar da wata ƴar ƙaramar baƙuwa ta Linux ta wucin gadi, a miƙa mata surar, ita ta yi binciken ta kawo rahoto. Idan faifan ya zo da sharri, kanta zai ƙare, a jefar da ita. Kamar dai mai gida ne ya aiki yaro ya kwance kaya a zaure maimakon a shigo da su tsakar gida. Cikin kayan aikin libguestfs akwai virt-inspector, wanda aikinsa ke nan kacokan: ya zaga sassan faifai, ya nemi wanda ya yi kama da gidan uwar manhaja, ya fito da sunanta da zubinta da jerin manhajojin da aka ɗora mata.

Idan Linux ne, shaidun rubuce suke da haruffan da mutum ke iya karantawa, cikin jakar da ake kira etc. Shekaru da yawa kowane dangi da nasa wurin: Red Hat da ƴaƴansa suna rubutawa a redhat-release, Debian a debian_version, Ubuntu a lsb-release. A 2012 ne masu aikin systemd, ƙarƙashin Lennart Poettering, suka kawo takarda guda ta bai ɗaya mai suna os-release, kuma kusan kowa ya karɓe ta. Rashinta ma shaida ne: CentOS 6 ba shi da ita, CentOS 7 na 2014 yana da ita. Sai dai shaidun sukan saɓa. A cikin Ubuntu 22.04, wanda lambarsa ke nufin watan 4 na 2022, takardar debian_version tana cewa bookworm/sid, domin daga Debian aka tsago Ubuntu kuma ba a share sawun ba. Wanda ya tsaya a kanta zai rubuta Debian a rahotonsa, ya yi kuskure. A CentOS 7 kuwa os-release tana cewa 7 kawai, sai an duba centos-release za a ga 7.9 ne ko 7.2, kuma tsakaninsu akwai shekara biyar na faci. Arch Linux ba shi da lambar zubi ko kaɗan, kullum sabunta shi ake yi kaɗan-kaɗan. Akwai kuma wani tarko mai ban dariya da ke jiran wanda ya jona faifai kai tsaye: os-release sau da yawa manuniya ce kawai mai nuna wata takarda a wani wuri, kuma idan an rubuta manuniyar daga tushe, mai bincike zai bi ta ya karanta takardar injinsa na kansa, ya ba da rahoton cewa baƙuwar irin mai masauki ce sak.

Windows ya fi wuya, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Ba ya rubuta asalinsa a takardar da ido ke karantawa. Yana ɓoye shi cikin kundin rajista, a wani fayil mai suna SOFTWARE da ke ƙarƙashin Windows, System32, config. Fayil ɗin yana somawa da haruffan regf, kuma sai da manhaja ta musamman ake buɗe shi. Libguestfs yana amfani da wata mai suna hivex. (Ma'aikacin da ya saba da Windows na Faransanci kada ya yi mamaki in bai ga jakar Utilisateurs ba. Tun daga Vista sunayen da ke kan faifai na Turancin Ingilishi ne, fassarar a fuskar allo kawai take.) A cikin kundin akwai reshen CurrentVersion, mai layuka da dama, kuma kowane layi shaida ne mai halinsa.

Layin lambar zubi ya daɗe yana faɗin gaskiya. Windows XP shi ne 5.1, Vista 6.0, Windows 7 kuwa 6.1, wanda shi kansa ya isa ya rikita baƙo. Windows 8 ya zo da 6.2, sannan 8.1 ya zo da 6.3. Daga nan layin ya daskare. Windows 10 na 2015 har yanzu 6.3 yake nunawa a wurin, saboda Microsoft ya ji tsoron tsofaffin manhajoji su ƙi aiki in sun ga baƙuwar lamba, sai ya buɗe sababbin layuka biyu ya rubuta 10 da 0 a cikinsu. Da Windows 11 ya fito a 2021 aka sake maimaita wasan, kuma wannan karon ya fi muni: sababbin layukan ma sun tsaya a 10 da 0, layin sunan kaya kuwa, ProductName, yana cewa Windows 10 ƙiri-ƙiri a cikin Windows 11. Kama da wane ba ta wane ba. Shaida guda da ta rage mai gaskiya ita ce lambar gini: daga 22000 zuwa sama Windows 11 ne, ƙasa da haka Windows 10. Manhajojin bincike da dama da aka rubuta kafin 2021 sun faɗa wannan rami har sai da aka gyara su, kuma wanda ke aiki da tsohuwar manhajar bincike yana cikinsa har gobe.

Lambar ginin ma ba ta isa ita kaɗai ba. Windows na manyan injinan ofis, wanda ake kira Server, yana tarayya da na tebur a wasu lambobi. Gini na 14393 shi ne Server 2016, kuma shi ne Windows 10 na shekarar 2016. Gini na 17763 shi ne Server 2019, kuma shi ne Windows 10 na ƙarshen 2018. Gini na 26100 yana kan Server 2025 da Windows 11 na 2024. Mai raba gardama shi ne wani layi, InstallationType, mai cewa Client ko Server. Wato sai an tara shaidu uku ko huɗu, an gwada maganar wannan da ta wancan kamar yadda alƙali ke yi, kafin a yanke hukunci. Batun ko injin mai 32 ne ko mai 64 kuwa ba a tambayar kundin: virt-inspector yana buɗe goshin fayil ɗin cmd.exe ne ya duba don wane irin inji aka gina shi.

Ranakun da ke rataye da wannan hukunci ba wasa ba ne. Microsoft ya daina yi wa XP faci ran 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 ran 14 ga Janairu 2020, wa'adin Windows 10 kuwa ran 14 ga Oktoba 2025. A ɓangaren Linux, CentOS 8 ya ƙare a ƙarshen Disamba 2021, tun kafin yayansa CentOS 7 wanda ya kai ƙarshen Yuni 2024. Rahoton da ya kira Windows 11 da sunan Windows 10 zai sa shugaban ma'aikata ya ware kuɗin sabunta abin da ba ya bukatar sabuntawa. Wanda ya ce CentOS kawai bai ƙara kome ba, bai gaya wa kowa kome ba.

Dole kuma a faɗi iyakar wannan dabara, don masu tallarta sukan yi shiru a kai. Faifan da aka kulle da BitLocker ko LUKS tambarin kullen kawai yake nunawa, ba mabuɗi ba bincike. Surar da aka yi wa hoton lokaci takan rabu gida-gida, uwa da ƴaƴanta masu ɗauke da sauye-sauyen baya, kuma wanda ya karanta uwar kaɗai ya karanta labarin shekarun baya. Windows da aka sabunta yakan bar jakar Windows.old mai ɗauke da cikakken kundin tsohon zubi, mai gaggawa ya karanta shi a madadin na yanzu. Tun daga Windows 8 kashewa ba kashewa ba ce sosai, wani irin barci ne don a tashi da sauri, kuma baƙuwar da ɗaukewar wuta ta kashe ba shiri tana iya barin sauye-sauyen ƙarshe a ƙananan fayiloli na gefe ba su shiga babban kundin ba. Inda wuta ke yawan ɗaukewa wannan ba abin mamaki ba ne. Faifai guda kuma yana iya ɗaukar uwar manhaja biyu. Sama da duka, sanin zubi ba sanin lafiya ba ne. Debian da Red Hat sukan ɗinka faci a tsohuwar manhaja ba tare da sun sauya babbar lambarta ba, don haka sai an buɗe kundin manhajojin da aka ɗora, na dpkg ko na rpm, an duba ƙananan lambobin kowace. A Windows akwai layin UBR mai nuna facin wata-wata na ƙarshe da aka ɗora.

Abin da ya mayar da wannan ilmi na ƴan tsiraru ya zama bukatar ma'aikatu da yawa shi ne ciniki. A watan Nuwamba na 2023 kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware, kuma a Disamba ya sanar da daina sayar da lasisin dindindin, sai haya. Ma'aikatu da dama a duniya suka soma kwashe baƙinsu zuwa KVM da makamantansa. Ƙaura irin wannan ba kwafar fayil ba ce kawai. Sabon masauki yana da irin faifansa da irin katin sadarwarsa, kuma baƙuwar tana bukatar direbobin da za su yi magana da su tun kafin ta buɗe ido. Manhajar virt-v2v, ɗaya daga cikin dangin libguestfs, tana soma aikinta ne da wannan bincike: ta gano zubin, ta zaɓi direbobin da suka dace da shi, ta cusa su cikin faifai, ta gyara kundin rajista baƙuwar tana barci. Idan binciken ya yi kuskure, ko aka tsallake shi, Windows zai tashi a sabon masauki ya nemi faifansa ya rasa, ya tsaya a shuɗin allo mai lamba 7B, kuma in manhajar albashi ce a ciki, ma'aikata za su jira har a gano inda aka kauce.